Muryar Baba, Ba Tari

Daga ofishin Shugaban Cibiyar Koyon Aikin Sauti da Bidiyo, zuwa ga yayar ɗalibinmu da ake kira Aku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da mahaifiyarku da aka ce ta koma wurinki da zama tun rasuwar mahaifinku. Yaya ƙafarta? Yaya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni ne Shugaban wannan cibiya. Ba kasafai nake rubuta wasiƙa da kaina ba, ina da masu yi mini, amma lamarin ƙaninki ya kai in ajiye kofin shayina. Dokarmu ce a sanar da wanda ya kawo ɗalibi yadda yake ci gaba da irin salon da yake koyo da shi. Tunda ke kika kawo shi, kina riƙe da hannun rigarsa kamar akuyar da za a kai kasuwa, ke za ki ji.

Da farko dai yaron kyakkyawa ne. Wannan duk malamai sun yarda, babu wanda ya yi gardama.

Maganar koyo kuwa, ba ya karanta takardun da ake rabawa, don kin san bokonsa a saƙonnin waya ya tsince shi. Abokan ajinsa rubutawa suke yi, shi biyawa yake yi. Idan malamar sauti ta ce a zaɓa, a yanke, a matsar, a adana, sai ki ji shi can a kujerar ƙarshe kusa da taga yana rangaji yana maimaitawa da karin makarantar allo har sai abin ya zauna. Da fari dariya ajin ke yi. Yanzu idan abu ya shige wa wani duhu, juyowa yake ya ce Aku ya ja musu baƙin. Kunnensa ya fi idonsa nesa ba kusa ba. A haɗa hoto sai a hankali, launukansa kamar an yi ɓarin fenti. A sauti kuwa yana jin numfashin da ke tsakanin kalma da kalma.

Tsokana ta ragu. Da zuwansa ya taɓa laɓewa bayan ƙofa ya ari muryata ya sallami aji guda, har malamar ta ɗauki jakarta. Yanzu ma yakan yi jefi-jefi, amma kamar mai shan magani: ya yi, a yi dariya, shi yana kallon bango.

Aibinsa ɗaya ne. Ya tashi da allo guda, in ya haddace abin da ke kai sai ya wanke a rubuta sabo. Haka yake yi wa kwamfuta. Duk aikin da ya gyara, a kan tsohon yake adana shi. Malamar ta faɗa har bakinta ya gaji, cewa a yi kwafi kafin a taɓa komai. Ya haddace wannan ma, yana biya shi da kari mai daɗi. Hannunsa ne bai haddace ba.

To ga abin da ya zaunar da ni. Kin ba shi memori mai ɗauke da muryar mahaifinku, wadda kika ɗauka a ɓoye a shagonsa na ɗinki, don ya rage ƙarar keke da ta fanka, mahaifiyarku ta ji maganar sosai tunda kunnenta ya yi nauyi. Kin gaya masa wayar da aka ɗauka da ita ta mutu, babu inda muryar ta rage sai nan. Ya cire keken. Ya cire fankar. Da ya ga aiki na kyau sai ya bi ya cire tarin, da jan numfashin, da shirun da marigayin ke yi in zai tsinke zare da haƙori. Sannan ya adana a kan na asali.

Maganar tana nan, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Tas take. Sai dai kamar mai karanta labarai a rediyo ne ya ari zancen mahaifinku.

Ɗalibin ya saurara har ƙarshe, ya cire abin kunne, ya naɗe igiyarsa yadda aka koya masa, ya tafi ya ci abinci. Ya cinye duka.

Kada ki gaya wa mahaifiyarku tukuna. Cibiya tana iya ƙoƙarinta. A gaida yara, a gaida maigida. Na bar ki lafiya.

Shugaban Cibiya

*

Zuwa ga yayar Aku.

Sallama da gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya, kuma ƙaramin ya daina zazzaɓin haƙori.

Amsarki ta iso. Kin yi mamakin yadda Shugaba ya san ciwon ƙafar mahaifiyarku. Shugabanci ai bincike ne. Kin kuma ce takardar ofishina tana da kyau amma tambarin ya karkace. Za a hukunta wanda ya zana.

Na karanta wa ɗalibin wasiƙarki. Ya shirya kunnensa don zagi, sai bai samu ko ɗaya ba. Kin tambaya kawai ko za ta dawo, kin ce mahaifiyarku duk ta idar da salla sai ta tambaya ko Aku ya aiko. Da kin zage shi da ya fi masa sauƙi, don zaginki ya saba da shi, ya san inda ake ajiye shi.

Ga abin da aka yi. Malamar sauti ta zauna da memorin bayan an tashi, ta sa wata manhaja mai tono abin da aka goge. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce abin da aka goge yakan dawo, amma wanda aka rubuta wani a kansa sai addu'a. Daga nan ɗalibin ya kai wa mai gyaran waya da ke ƙarƙashin matakala a layin bayanmu, wani mai tabarau ɗaure da zare. Mai gyaran ya ajiye ɗalibin a benci tun hantsi har rana ta karkata, ya ce masa wane mahaukaci ne ya yi wannan aikin. Ɗalibin ya ce wani ne a ajinsu. Mai gyaran ya ce a kore shi. Ɗalibin ya ce ana shawara.

Murya ba ta dawo ba. Abin da ya fito wasu tsofaffin hotuna ne, yawanci toka-toka. Akwai guda na shagon, rabinsa ya mutu. Ana ganin keken, da almakashi, da gwiwar hannun mahaifinku. Daga nan zuwa sama babu komai. Ɗalibin ya kalle shi, ya ce na gode, ya sa memorin a aljihu.

A matsayina na Shugaba dole in faɗi abin da na lura. Yaron nan yana zuwa aji kafin kowa, yana share teburinsa, yana barci lafiya. Tun ranar da aka kai mahaifinku bai yi kuka ba, mutane suna ta yaba masa da tawakkali. Shi ya ce ba tawakkali ba ne. Ya ce kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ce, kana ganinta, ka san taka ce, ka mintsine ta ba ka ji. Ya ɗauka ɓarnar nan za ta farkar da ita. Ya jira. Shiru.

Ta wajen ci gaba, yanzu yana yin kwafi uku na kowane abu, har na sautin gwaji da ake cewa ɗaya, biyu. Malamar ta rubuta masa yabo. An rufe rijiya bayan ɗan akuya ya faɗa.

Akwai wani ƙwararre da muke shirin gwadawa. Ki ƙara ba wa mahaifiyarku haƙuri, ki ce layi ne ya yi tsawo. Wassalam.

Shugaban Cibiya

*

Zuwa ga yayar Aku.

Gaisuwa da fatan alheri a gare ku baki ɗaya.

Albishirinki. Ƙwararren ya yi nasara. Ga memorin nan a cikin ambulan, na naɗe shi a takarda kada ya zame. Keke ya dawo, an rage masa ƙara. Fanka ta dawo. Tarin ma ya dawo, kowanne a gurbinsa. Ki kunna wa mahaifiyarku a ɗaki, ki kusanta mata da kunnen dama.

Ƙwararren ba ya son a ambaci sunansa, kuma ba ya son godiya. Yana ɗan fama da maƙogwaro a kwanakin nan.

Ɗalibin yana gaishe ki. A huta lafiya.

Shugaban Cibiya

*

Zuwa ga yayar Aku.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya jikin mahaifiyarku, yaya yara, yaya hidima? Allah Ya ba da lada.

Wasiƙarki ta same ni a barandar cibiya, a tsaye na karanta ta. Kin ce mahaifiyarku ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, ta ce a maimaita, aka maimaita. Sannan ta ce keken nan ba na mahaifinku ba ne, nasa yana ɗan tsallake in ya zo kan kalmasa. Ta kuma ce a gaya wa Aku ya nemi magani, tarin nan ya kama masa ƙirji.

Ofishina ya yi bincike, ga abin da ya gano.

Babu wani ƙwararre. Ɗalibin ne ya zauna ya ga ashe ya haddace na asalin tun yana gyaransa, don ya saurare shi ya fi a ƙirga. Ya san bayan marigayin ya ce kai Aku ajiye almakashin nan kafin in saɓa maka, akwai tari gajere, sai dogo mai jan ƙirji. Ya san inda keken ke tsayawa in zai yi dariya. Sai ya ari makirfon cibiya ya bi layi yana leƙa shagunan teloli har ya samu mai tsohon keken ƙafa, ya ce masa aikin makaranta ne. Fankar ta ajinsu ce. Tarin kuwa ya shiga ɗakin ɗaukar murya, wanda aka lulluɓe bangonsa da soso, ya rufe ƙofa ya yi da kansa. Ke kin fi kowa sanin ya iya kwaikwayon tarin marigayin, tunda da shi yake firgita ki daga bayan ƙofa lokacin da kike hira a waya da wanda ya zama maigidanki, ki cusa wayar ƙarƙashin filo kina salati.

Wancan na wasa ne, sau ɗaya ake yi a gudu. Wannan sai da ya yi ta yi, ya saurara, ya goge, ya sake, har maƙogwaronsa ya kwaile. Malamar da ta ji aikin ta ce Alhamdulillahi an dace, ta tambaya wa ya tono shi. Ɗalibin bai ji daɗi ba, bai ji kunya ba. Ya manna ambulan ya kai tasha.

Kin ce Inna ta hana a goge. Kin ce ta ce a bar mata haka, uba na magana ɗa na tari, dama haka shagon yake. Na karanta wurin nan sau da yawa, Yaya. Ina jira in ji wani abu. Abin da na ji kawai maƙogwarona ne, in na haɗiyi yawu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da, in na rufe ido na nemi tarin Baba, yana zuwa, da ɗan kukan da yake yi a ƙarshe kamar ƙofa mai tsatsa. Shi na yi ta bi a ɗakin nan ban kamo ba. Yanzu in na nema, nawa ne ke zuwa. Na gwada a aji, na gwada a hanya, na gwada a sujada. Nawa ne.

Don haka ga roƙona. Inna ta san bambancin, ita ba na jin tsoro a kanta. Ke ce. In har yanzu kina da nasa a kunnenki, in za ki kunna mata ki fita tsakar gida ki ja ƙofa. Kada ki yawaita jin nawa. Ko a wurin mutum ɗaya a cikinmu ya rage.

Sauran kuma kin riga kin sani tun wasiƙar farko, kin dai bar ni ne in yi wasana. Shugaban gaskiya bai san da zamana ba, in mun haɗu a matakala Dogo yake ce mini, sunan wani ne daban. Takardar ofishin a darasin zane na haɗa ta, tambarin ma ni na karkata shi. Na ari kujerarsa ne don da bakina ba zan iya ce miki na ɓata muryar Baba ba.

Zan zo in an ba mu hutu. Ki gaida Inna, ki ce na sayi maganin.

Ni ne dai, ƙaninki,
Aku