Hawa na Ƙarshe Kan Rumbunan Yaya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki? Ga kwali nan na ba direba, a ciki akwai allon na'ura ɗaya daga cikin masu juya fankokin rumbunan hatsinmu. Kin san rumbunan sha biyu ne, kuma kowane allo yana cikin akwatinsa can ƙoli. Duk sanda maƙerin akwatunan ya aiko da gyaran manhaja, sai na goya kwamfuta na hau tsani, na kwance noti shida, na jona waya. Sau sha biyu fa.

Abin da ke ba ni haushi, akwatunan suna hira da juna ta wasu tagwayen wayoyi da ake kira CAN, wayoyin kuma sun sauko har ɗakin aikina. Bayanin zafin hatsi ya sauko ta nan, amma gyara ba zai hau ta nan ba? Ke ce mai rubuta wa na'urori manhaja, ki duba mini. Gwiwata ce ta fara tsufa, ba wani abu ba.

Ki gaida maigidanki.
Yayanki

Auta,

Na cusa wannan a ƙarƙashin allon, yayanki bai sani ba. Ba gwiwa ba ce, jiri ne. Ranar Talata ya maƙale a tsakiyar tsani ya rungume ƙarfe har kusan rabin awa, mai walda ne ya gaya mini. Yayanki ya ce in manaja ya ji sallamarsa zai yi, don wai aikin nasa hawa ne. Kullum ya fita gabana faɗuwa yake. Ki taimake ni, ke yake jin maganarki.

Matar Yayanki

Yaya,

Na amsa gaisuwa, kwali ya iso lafiya. Abin zai yiwu, har na gama. A cikin allon akwai wata 'yar manhaja, butloda, ita ke fara farkawa in an kunna, ita kuma ke karɓar sabon gyara. Taku ta wayar da kake jonawa kawai take sauraro. Na yi magana da maƙerin, ya turo mini rubutunta, na koya mata sauraren CAN. Na sha wuya fa! Wurin zamanta ɗan mitsitsi ne, CAN kuma harafi takwas-takwas yake ɗauka, kamar a kwashe buhu da cokali. Na ba kowane akwati lambarsa don kada su amsa gaba ɗaya. Na zare wuta ana tsakiyar turawa har sau ashirin, duk ta farka ta ci gaba.

To ga inda matsalar take. Tsohuwar butloda ba ta san CAN ba, don haka dole a hau kowane rumbu sau ɗaya na ƙarshe a sa sabuwar da hannu. Kuma ba kai za ka hau ba. Na san batun jirin, kada ka tsaya tambayar wa ya faɗa. Na dawo maka da allon ka gwada a kan teburinka, amma fayil ɗin sabuwar butlodar yana hannuna. Ba zan turo ba sai manaja ya kira ni da bakinsa ya ce ya yarda, ya kuma gaya mini sunan wanda zai hau.

Ka yi fushi in ka ga dama. Gara fushinka da in zo duba ka a gadon asibiti.

Ƙanwarka

Auta,

Gaisuwa, duk da ban so ba. Yarinyar da na goya zuwa makaranta ce yau take gindaya mini sharaɗi? Lallai kin girma. Ita kuma ta gida kwana biyu ban ci abincinta da daɗin rai ba, ko da yake na cinye.

Na gwada allon. Wallahi da na ga lambarsa ta fito a kwamfuta, gyara yana shiga ta wayoyin nan biyu, sai da na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki. Allah ya yi miki albarka, hannunki yana da kyau. Amma ki duba, shekara hamsin da uku nake, yara huɗu suna makaranta. In na buɗe baki na ce ba na iya hawa, me ya rage nawa a wurin? Hawa sha biyu ne kacal. Ki turo, in bi a hankali, ɗaya a rana.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. A'a. Ɗaya ma ya isa ya raba mu da kai. Lambar wayata tana bayan takardar nan, ka miƙa wa manaja.

Auta

Auta, ƙanwata,

Sallama da godiya. Kin riga kin ji muryar manaja, ga abin da bai gaya miki ba. Sau uku ina zuwa ƙofarsa ina komawa. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Malam, da ka faɗo, wa zai gaya wa iyalinka? Ni?" Ya yi mini faɗa sosai, ya kuma tura ni asibiti. Hawan jini ne, an ba ni magani.

Mai walda da direba suka hau, ni ina ƙasa ina gaya musu wayar da za su jona. Kwana biyu aka yi. Lambobin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya har sha biyu. Manaja ya ce tunda ni na iya abin, ɗakin nawa ne.

Jiya sabon gyara ya zo. Na tura shi ina zaune, shayina bai ko huce ba aka gama. Na rasa abin yi, sai na fita na tsaya gindin rumbu na bakwai na ɗaga kai. Auta, ashe haka yake da tsawo? Shekara sha ɗaya ina hawa, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Sai na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Na gode da kika ƙi. Allah ya saka miki da alheri.

Yayanki