Kabar da Kika Soke a Jinka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa masu nemansa.

Jibi Larabar Toka ce, farkon Azumin coci. Yaran da nake koya wa katikizim, wato darasin addini, sun sake yi mini tambayar da suke yi kowace shekara. Yawancinsu, har da manya, suna zaton tokar da ake shafa mana a goshi daga murhu ake kwaso ta. Na bayyana musu cewa kabar da muka riƙe bara a Lahadin Dabino ce ake tarawa a ƙona. Suka tambayi wanda yake saƙa ta tun farko. Sai na ce su tashi a sha iska.

Ke ce kike saƙa ta, Inna. Ƙauyenmu na bayan Sabuwa ba shi da dabino, sai goruba. Kikan yanko kaba tun ranar Alhamis, ki zauna gindin tsamiya ki saƙa wa kowa ƙaramin gicciye, alhali ko baftisma ba a yi miki ba.

Shekara uku kina zama a bencin baya cikin masu neman baftisma. Ba ki san baƙi ko ɗaya ba, amma kin san shekarar coci ta hanyar gona. A makonnin jiran Kirsimeti na karanta inda ake maganar raba tsaba da ƙaiƙayi, lokacin kuwa ana tsakiyar sussukar dawa. A hanyar gida kika ce, “Wanda ya hwaɗi wannan ya taɓa sheƙa. Ya san sai an jira iska.” Da damina, da aka karanta misalin mai shuka, kika yi dariya kika ce wane irin manomi ne wannan mai watsa iri a kan hanya, ko dai rumbunsa ba ya ƙarewa ne. Na yi shekaru a makarantar horon malamai, ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba.

Amma tambayoyin katikizim sun ƙi zama a kanki. In na tambaye ki sakramenti nawa ne, sai ki ce, “Tanko, ni dai na san Shi. Ƙidayar taku ce.”

Ni ne katikis, malamin coci. Ni ke miƙa wa Fada, limamin cocinmu, sunayen waɗanda suka isa baftisma a Ista, bikin tashin Yesu. A Lahadin Dabino ta shekarar nan na hana mutum biyu saboda sun kasa amsa, sai na ji tsoron a ce Malam ya wuce da uwarsa. Na ja layi a kan sunanki. A ranar kuwa, da bakina na karanta labarin ɓarawon da aka gicciye gefen Yesu, wanda ya roƙi a tuna da shi kawai, aka karɓe shi ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Na karanta shi da kyau, har aka yaba muryata.

Da na gaya miki sai baɗi, ba ki yi fushi ba. Kika soke gicciyenki na kaba a jinkar ɗakinki, kika ce, “To, Malam. Baɗi ma ta Allah ce.” Ba ki taɓa kirana Malam ba sai ranar.

Shekarar ce gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina, kowa yana maganar arzikin mai. Aka kira mu kwas a Ƙanƙara cikin watan Agusta, na hau sabon babur ɗina ina jin kaina. Saƙon ciwonki ya same ni a makare. Na wuce Faskari, na tarar rafi ya cika ya ci hanya. Na yi kwana biyu a bakinsa ina kallon ruwa. Ruwa ko'ina, Inna, ni kuwa tafin hannu ɗaya nake bukata in zuba miki a ka.

Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu Musulma, ita ce ta riƙe ki har ƙarshe. Ta ce kin yi ta kallon jinka kina tambaya, “Ista saura wata nawa?” Ba ta san amsar ba, sai ta ce miki ta kusa.

Fada ya zaunar da ni ya tuna mini koyarwar coci, cewa wanda ya mutu yana marmarin baftisma, marmarin nan ya isar masa. Na gaskata, ina ma koyar da shi. Amma duk Larabar Toka, idan na tara kabar mutane zan ƙona, nakan shiga ɗakinki in miƙa hannu in fasa. Na sayi kwanon rufi tuntuni, yana jingine a bango, na kasa sauke jinkar nan.

Karatun coci kan zagayo bayan shekara uku. Bana labarin ɓarawon zai dawo, kuma ni zan karanta shi. A bencin baya kuwa akwai Iya Tambai, ƙawarki ta daka. Shekara huɗu tana zuwa, har yanzu tana rikita dokoki goma da sakramenti bakwai, tari kuma ya kama ta tun kaka. Jiya dattawan coci suka ce a bar ta sai baɗi. Na rubuta sunanta a saman takarda, na ce duk mai tambaya ya zo ya yi mini, ni zan amsa.

Gobe da safe zan zare kabarki daga jinka in sa ta cikin na jama'a. Jibi goshin farko da yatsana zai taɓa na Iya Tambai ne. Na kuma gaya wa yarana, da duk wanda ya ga wannan wasiƙa, ranar Lahadi ya raka wani tsoho gida, ya tambaye shi abin da ya ji a karatun, ya yi shiru ya saurara.

Ubangijin da ya tuna da ɓarawo ya tuna da ke, Inna. Ya haskaka makwancinki, ya gafarta mini layin da na ja. Amin.

Ista saura mako shida da 'yan kwanaki.

Ɗanki,
Tanko, wanda coci ke kira Bitrus