Ina So In Musanya Masa Ƙwayar Barci Bai Sani Ba

Malama, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke ta raya mini.

Maigidana mai aski ne. Ya daɗe yana shan giya, har masu zuwa shagonsa suka watse, don babu mai miƙa wuyansa ga reza a hannun da ke rawa. Bara Allah Ya shirye shi. Aka kwantar da shi a asibiti, ya daina, likita ya rubuta masa ƙwayar barci ta diyazifam ta 'yan kwanaki don jikinsa ya natsu. Yanzu gidanmu lafiya lau. Bencin shago cike yake, ya sayi sabon madubi, da yamma shi ke duba aikin makarantar yara, har auta na zama ya yi mata kitso, ko da yake a karkace yake fitowa. Ban taɓa jin daɗin aure irin na bana ba.

Sai dai ƙwayar nan bai rabu da ita ba. Da ta likita ta ƙare sai ya koma saye a kemis, ɗaya ta zama biyu. Da safe da ƙyar nake tashinsa, ya ajiye mukullin shago ya manta inda ya sa. In na yi magana sai ya yi dariya, wai wanda ya kayar da kwalba ba ƙwaya kamar ƙwayar shinkafa za ta gagare shi ba.

Yayata ce ta lura maganin ƙarin jinin da nake sha kamarsu ɗaya da tasa, ƙarama, rawaya. Ta ce duk abin a zuciya yake, in musanya kawai, in bai sani ba jikinsa ma ba zai sani ba. Har na zuba su a irin kwalbarsa na ɓoye cikin zannuwana. Amma kullum na ɗauko sai gabana ya faɗi. Ba na son faɗa, ba na son in taɓa zaman lafiyar nan. In yi?

Matar Mai Aski

Ƙanwata, kada ki yi. Faɗuwar gaban nan ta fi Yayarki gaskiya.

Damuwarki a kan hanya take. Wannan magani na ɗan lokaci ne, kuma nauyin barci, mantuwa da ƙarin adadi alamu ne cewa jikinsa ya dogara da shi. Yayarki ma alheri take nufi. Inda ta kuskure shi ne, jiki zai sani ko mai shi bai sani ba. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, in aka yanke masa lokaci guda, yakan rasa barci, ya yi ta gumi da fargaba, hannu ya koma rawa, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Ki tuna da reza yake aiki.

Akwai haɗari na biyu. In jikinsa ya rikice bai san dalili ba, magani ɗaya ya sani a baya, wato giya. Giya kuwa in ta haɗu da wannan ƙwaya, numfashi suke dannewa.

Hanyar ita ce a rage kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, a hannun likita. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki fara da yaba masa, sannan ki faɗi abin da idonki ya gani: mukulli, tashin safe. Ki ce za ki raka shi wurin likitan da ya kula da shi, ya faɗi ainihin yawan da yake sha, ba ragi. Kafin nan kada ya daina da kansa don nuna jarumta. In kin ga ruɗewa, gane-gane ko jijjiga, asibiti nan take.

Mutumin nan da saninsa ya bar giya, da saninsa zai bar wannan. Maganin ƙarin jininki kuwa ki mayar da shi taki kwalbar ki ci gaba da sha, ke aka rubuta wa. Allah Ya ƙara muku zaman lafiya, Ya kuma miƙar da kitson auta.