Jitar Namadi da Ayarin Kebbe

Tambuwal, ƙarshen damina, 1948

Zuwa ga aminina Ɗan'iya, a Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar nan da ka dawo da ita daga yaƙin Bama tana ciwo? Allah shi ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, matata Madina na gaishe ka.

Bayan haka, gurmina ya sake fashewa. Jaki ya yi tuntuɓe a hanyar Jabo, ƙwaryar ta tsage har gindi, gyartai ya duba ya ce shi kam ya gaji da ɗinkinta. Ga shi Madugu Sambo ya aiko, ayarinsa na taruwa a Kebbe za su Yawuri, kuma makaɗi guda zai ɗauka. Ka sani mahaifina ya yi wa ayarin nan kiɗa har ya rasu, shi ya tsara wa madugu takensa. To bana wani makaɗi, Lauwali na Sanyinna, ya sa wa wurin ido, madugu kuwa ya ce wanda abin kiɗansa zai jure hanya, da shi za a tafi. Wallahi raina a ɓace yake.

Sai ga wani direban lori daga Ikko ya sauka kasuwa da abin nan da ka taɓa ba ni labari, jita, har guda biyu. Ɗan'iya, wane irin abu ne wanga? Babu fata ko ta rantsuwa! Katako gaba, katako baya, rami a ciki, tsirkiya shida ta waya. Na leƙa ramin, na sa hanci, na girgiza ko an ɓoye wani abu ciki, direba na ta dariya. Kai da ka ga duniya, gaya mini ta ina muryar take fitowa, kuma wacce zan ɗauka, babba ko ƙarama?

Ka huta lafiya. Naka,
Namadi

Tambuwal

Aminina Ɗan'iya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta yara. Ban ji daga gare ka ba, na san halinka da nawar alƙalami, lori kuwa ba ta jira.

Na zaɓa da kaina. Babbar ja ce, tana ƙyalli, muryarta ta fi ƙarfi, kowa a kasuwa ita yake nuna mini. Amma na ƙwanƙwasa bayanta kamar yadda mata ke gwada tukunya, sai na ji wani wuri na amsawa a dushe, na duba na ga haɗin ya fara buɗa baki. Na runtse ido guda na bi wuyanta da kallo, ashe a karkace yake. Ƙaramar ba ta da ado, amma ko'ina na buga amsa guda take ba ni, kunnuwan ɗaure tsirkiya na ƙarfe ne ba sa sulɓewa, kuma ta shige mangala daidai. Na naɗe ta cikin bargo, na ɗora wa jakin nan mai tuntuɓe, munka je Jabo munka dawo, ko gezau. Tunkiyar Madina na ba direba a bakin kuɗin jitar, har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Madina.

Na samo taken madugu a tsirkiya uku. Sauran ukun suna nan zaune, ban san aikinsu ba. Mi Turawa ke yi da su? Gobe in Allah ya so zan kama hanyar Kebbe.

Naka har kullum,
Namadi

Kebbe

Aminina Ɗan'iya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ni jikina lafiya, zuciya ce ba daɗi.

Ruwan ƙarshe ya kama mu a fadama kafin mu shiga gari, bargo ya jiƙe sharkaf. Da safe madugu ya ce ni da Lauwali mu zo zango kowa ya gwada. Na taɓa jita na ji muryarta ta yi nauyi. To mi makaɗi ke yi in abin kiɗansa ya sha sanyi? Wuta yake kai shi, fata ta ja, murya ta washe. Haka na tashi na gani, hannuna ya yi kafin kaina ya yi tunani. Na tsuguna bakin murhun mai ƙosai ina juya cikinta ga garwashi. Sai ji na yi ɗas! Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɓalle ya tashi sama, cikin ya tsage. Ashe da danƙo anka liƙa komai nata, Ɗan'iya. Abin da ya jure jaki da ruwa, ni na kashe shi da hannuna. Ta tsagar na ga wasu ƙananan itatuwa jere ciki kamar haƙarƙari, har cikin baƙin cikin na tsaya ina mamakinsu.

Madugu bai yi faɗa ba, ya ce Allah shi mayar da alheri, ya ɗauki Lauwali.

Jiya sunka tashi. Ina tsaye bakin gari Lauwali ya kama taken mahaifina, jakuna na wucewa. Daidai inda kiɗan ke sauka ya juyo, inda ake ambaton kakan madugu, sai ya tsallake, bai san wurin ba. Ya sake zagayowa, ya sake tsallakewa. Na so in yi shiru, madugu ya ji da kunnensa abin da ya zaɓa. Wallahi na kasa. Na bi su da gudu har bakin rafi, na karɓi gurmin Lauwali na kaɗa masa wurin, na riƙe yatsunsa na ɗora inda ya kamata, har ya kama. Madugu bai waiwayo ba, amma na ga ya ja bakin rawaninsa ya share ido.

Na tsaya nan har sunka haye. Ina jin taken yana nisa, daidai yake fita, babu kuskure ko ɗaya, a hannun wani.

Ka yi mini addu'a. A gaida kowa da kowa.

Amininka,
Namadi