Jikata 'Yar Amshi Ce a Aji Biyar

Zuwa ga Malam Hedimasta, makarantar firamaren da ke bayan katangata, Gyaɗi-Gyaɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da malamanka.

Ni ne tsohon da tagar ɗakinsa ke kallon aji biyar. Tun rasuwar mai ɗakina ajin nan ne abokin hirata, don haka ka lissafa ni cikin ɗalibanka, wanda bai taɓa makara ba.

Na farko, yabo. Labarin Tanko da jakinsa da ake bita tun farkon zango, na haddace shi tsaf, mai shayin bakin layinmu ma ya kusa. Sai dai kunnena ya gano cewa muryoyi kaɗan ne ke karantawa. Sauran amshi suke yi, suna biyowa daga baya kamar masu cewa amin.

Na biyu, jikata Hafsatu tana cikin 'yan amshin. Ita kaɗai ke leƙo ni daga gidansu da ke unguwar Daurawa. Da idona ya yi rauni, na miƙa mata takardar maganin da aka ba ni a asibiti ta karanta mini yadda ake sha. Ta ƙura mata ido, ta gyara murya, ta sanar da ni cewa Tanko ya ɗaure jakinsa a gindin tsamiya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ita kuwa kuka ta yi. Baɗi za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, ranka ya daɗe, kuma ban ji an ce jakin zai fito a ciki ba.

Na uku, a makarantar allo kowa da inda karatunsa ya tsaya, malam kuma ya san na kowa. A elementare ma, malaminmu rukuni-rukuni yake zaunar da mu, mai haɗa baƙi daban, mai zuba karatu daban. Yaushe aka mayar da yara duka baki ɗaya?

Na san ajin ya cika maƙil, malamar kuma ita kaɗai ce. Roƙona, a saurari kowane yaro shi kaɗai, a raba su gwargwadon iyawarsu. Masu gudu a ba su sabon littafi, jakin nan ya huta. Masu rarrafe a koma da su kan baƙi, ba tare da gori ba.

In mai sauraro ne babu, ga ni. Ido ya tafi, amma kunne garau. A ajiye mini benci a inuwa, a riƙa turo mini su ɗaya-ɗaya, a fara da Hafsatu.

Allah ya ƙara maka haƙuri, ya yi wa yaranmu buɗi.

Wassalam.

Ɗalibinka na bayan katanga.