Baƙin Ɗigo a Kunnen Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Baba? Yaya kuma bayan naki, da zaman keken ɗinkin nan da ba ya ƙarewa? Ni dai lafiya lau, in ban da tarin da ƙurar takardu ta sa mini.

Na san za ki ce Auta ya cika son wahala, ga waya a aljihu yana rubuta wasiƙa. To a waya kin fi ni baki. Kafin in haɗa magana ɗaya kin yi goma, kin tambayi ko na ci abinci, kin kashe. A takarda kuwa dole ki saurare ni har ƙarshe.

Albishirinki, littafin ya samu shiga. Kamfanin ɗab'in da na gaya miki sun yarda su duba. Jiya na kai musu da hannuna, kwali biyu: rubutun, da kaset-kaset, da shaidar mutum ɗari biyu da goma sha huɗu da suka ga Baƙon Ruwa. Shekara goma sha tara ke nan tun da na ajiye aikin koyarwa na shiga bin tafkuna da madatsun ruwa da rakoda a jaka. Dariya kam na sha ta, har da taki. Mijinki har yau in ya gan ni sai ya tambayi ko baƙon namu ya aiko da gaisuwa.

Kin fi ni tuna ranar da abin ya fara, don ke kina da wayo, ni ina shekara tara. Baba ya dawo daga gidan famfo da rana tsaka, rigar aikinsa jiƙe sharkaf, ya ce wata dabba ta ɗago kai kusa da bututun jan ruwa ta kalle shi. Ya rubuta a littafin aiki, don an koya masa ya rubuta duk abin da ya gani. Wata biyu a tsakani aka sallame shi, wai kansa ya taɓu. Unguwa ta laƙaba masa Mai-Baƙo, ya daina zama a ƙofar gida. Ni kuma na ɗauki fensirin launi na zana abin yadda na ji yana kwatantawa, dogon wuya da kunnuwa kamar na jaki. Shi ne zanen da ke rataye a ɗakinsa har yau, daura da gado.

Kin rubuto cewa likita ya ce mantuwar tana ƙaruwa, ranar nan ma ya kira ki da sunan Inna, Allah ya jiƙanta. Yaya, wannan ne ke hana ni sukuni. Ba suna nake nema ba, wa zai yi suna da dabbar da ba ta da ko hoto? So nake in ɗora littafin nan a cinyarsa tun yana iya karanta sunansa a shafin farko, ya san ba shi kaɗai ya gani ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Hujjar tawa da ƙarfinta. Masunta, masu wanki, masu gadin gada, mutanen da ba su taɓa haɗuwa da juna ba, duk siffa ɗaya suka ba ni. Kai, mutum ɗari da sittin sun ambaci wani baƙin ɗigo a kunnen hagu. Na ware wa ɗigon nan babi guda. Ki gaya wa mijinki ya fara tanadin abin da zai ce.

Ki shafa mini kan Baba, ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gida lafiya, jikin Baba da sauƙi. Na ga saƙonki cewa ya ƙi cin abinci kwana biyu, ya sake ci yanzu? Kada ki tambayi lafiyata, jikin dai yana nan.

Ki ajiye ɗinkin ki zauna, wannan ba ta karantawa a tsaye ba ce.

Ranar Talata editar kamfanin ta kira ni. Ofishinta a hawa na uku yake, fanka na kaɗa takardu, ta danne su da kofuna da abin huda takarda. Wata dattijuwa ce mai tabarau a wuya, ba ta da yawan magana. Na shiga ina murmushi kamar wanda za a ba lambar yabo. Sai na ga ta baje shaiduna a kan dogon teburi, amma ba yadda na tsara su ba. Ni tafki-tafki nake jera su, kowane wuri da fayil ɗinsa, haka nake yi tun farko. Ita kuwa ta bi kwanan wata.

Ta tura mini na farko-farkon guda goma sha ɗaya ta ce in karanta. Na karanta. Wani ya ce kamar ɗan maraƙi, wani ya ce kamar gungume mai ido, wata ta ce ba ta ga kai ba sam, baya kawai. Babu biyu da suka yi kama. Daga na goma sha biyu kuwa, wanda na ɗauka a shekarata ta uku da fara aikin, har ƙarshe, dogon wuya, kunnen jaki, kamar an haɗa baki. Ta tambaye ni me ya canza a shekarata ta uku.

Na sani, Yaya. Kafin ta rufe baki na sani. Mutane suna jin kunyar maganar nan, suna tsoron a yi musu abin da aka yi wa Baba. Sai ka zauna da mutum awa guda yana ta kwana-kwana. A shekara ta uku na ɗauko zanen daga bango na kai shagon kwafi, aka buga mini, aka liƙe shi da leda don kada ruwa ya ɓata. Tun daga nan in na zauna da mutum sai in fito da shi in ce ko irin wannan ne, don bakinsa ya buɗe. Kuma yana buɗewa. Sai bayan nan nake danna rakoda. Ni a wurina dabara ce, har alfahari nake da ita.

Ta nemi ganin zanen na asali. Ina da hotonsa a waya, wanda na ɗauka zuwana na bara, har gefen gadon Baba ya fito. Muka buɗe shi muka ƙara girma, muka ajiye kusa da kwafin da ke jakata. Babu ɗigo a kunnen hagu. A kwafin kawai yake. Datti ne a gilashin injin mai shago, ko kashin ƙuda, ko ɗigon tawada. Mutum ɗari da sittin sun rantse mini sun gan shi a jikin dabba, ni kuma na rubuta shafi talatin ina bayanin amfaninsa.

Na yi mata faɗa, ba zan ɓoye miki ba. Na ce ita da ba ta taɓa taka laka ba me ta sani. Ta bar ni na gama, ta zuba mini ruwa a kofi. Ta ce mutanen ba maƙaryata ba ne, kirki suka yi wa baƙo mai jaka da ya zo daga nesa, suka ba shi abin da ya nuna yana so. Ta ce ba za su buga ba. Na sauko da kwalayena hawa uku, ban ma tuna akwai lif ba.

Saura shaida ɗaya da zanen bai riga shi ba, wato Baba. Littafin aikin da ya rubuta a ciki na neme shi tun tuni, an ce an zubar da tsofaffin takardu da aka sauya ofis. Ga abin kunyar kuma: na naɗi muryar mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, ban taɓa naɗar ta ubana ba. Na ɗauka labarin yana kaina. Yanzu in na rufe ido ban san wanne Baba ya faɗa ba, wanne ne kuma yaro ɗan shekara tara ya ƙara don ya iya zana kunnen jaki.

Don Allah ki yi mini abu ɗaya. Ki sauke zanen ki ɓoye a shagonki, ki bari kwana uku. Sannan da safe, bayan Baba ya sha shayi, lokacin da kansa ya fi washewa, ki kunna rakodar waya ki tambaye shi me ya gani a gidan famfo. Kada ki ce wuya, kada ki ce kunne, kada ki taimaka masa ko da ya yi shiru. Ko da ya ce kifi ne, ina so in ji daga bakinsa.

Ki yi haƙuri da ni. Kada ki gaya wa mijinki tukuna.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Na gode da ɗawainiya, Allah ya saka miki, ya ba Baba sauƙi.

Saƙon muryar ya iso. Minti shida ne, na saurara ban san sau nawa ba. Na ji kin tsayar da keken, na ji ƙarar cokali a kofi. Kin yi tambayar daidai yadda na ce, kin ma fi ni iya aikin, da ke ce kika ɗauki jakar da ba mu zo nan ba. Na ji kina haɗiye magana don kada ki taimaka masa.

Sai Baba ya tambayi ina hoton bango. Sau uku ya tambaya. Da kika maimaita taki tambayar, ya ce shi bai ga komai ba, Auta ne ya gani, shi ya zana ma, a tambaye shi. Ya ce an zalunci yaron nan, unguwa ta sa shi gaba da dariya har ya daina fita ƙofar gida. Ya ce ki gaya wa mutane ɗansa ba ya ƙarya.

Nan na kashe na fita na zaga layinmu, na dawo na sake kunnawa.

Shi ke nan, Yaya. Abin da ya gani ranar, in ma ya ga wani abu, ya tafi, kuma ina zaune da rakoda a jaka shekara goma sha tara ya tafi. Ban ce babu dabbar ba, ban kuma ce akwai ta ba. Ba ni da bakin cewa komai. Baƙin cikin ya wuce kuka, zama kawai nake ina kallon kwalayen a bayan ƙofa. Wata mujalla ta nemi in riƙa rubuta musu labaran dodanni na nishaɗi a shafin baya, ban amsa ba tukuna, amma na san zan amsa.

Ki mayar masa da zanensa yau ɗin nan, a ƙusar da yake, kada ya ƙara kwana yana kallon bango. Ina tafe ranar Asabar da motar safe. Ba na zuwa da littafi, ba na zuwa da rakoda. Ki ce wa mijinki ya yi tsokanarsa, na ba shi dama.

Abu ɗaya nake roƙo. In Baba ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko da gaske na gan shi, zan ce masa na gan shi, da rana tsaka, kusa da bututun jan ruwa. Kina wurin za ki ji. Kada ki kalle ni a lokacin.

Ki gaishe da yara, ki ce kawunsu na zuwa.

Ƙaninki,
Auta