Addu'o'ina Biyu Sun Karɓu a Lokaci Ɗaya

'Yar'uwa Verna,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba irin wanda zan iya faɗa a taron addu'ar mata ba ne. Kunya ma nake ji in kira shi damuwa. Alheri ne ya yi mini yawa har na rasa inda zan sa kaina.

Shekaruna hamsin da shida, ina aikin jinya a gidan tsofaffi a wani ƙaramin gari a kudancin Manitoba, a ƙasar Kanada. Maigidana, bari in kira shi Orval, haƙa rijiyar burtsatse ce sana'arsa. Lokacin da muka yi aure ba ruwansa da majami'a. Ranar Lahadi sai ya sauke ni a bakin ƙofa, ya zauna a mota yana jin rediyo har a tashi. Shekara tara muna haka. Wata Lahadi cikin Janairu abin ɗumama motar ya lalace, sanyi ya koro shi ciki, ya zauna a bencin ƙarshe da hularsa a hannu. Har yau in an tambaye shi yadda ya sami ceto, sai ya ce, "Ni fa ɗumi na shigo nema." Bayan shekara biyu aka yi masa baftisma.

Ni ce na fara jin kiran Ubangiji. Wata mai aikin bishara ta zo mana daga Bolibiya, ta ba da labarin ƙauyuka inda mutane da shanu ke shan ruwan kududdufi ɗaya, yara na ta mutuwa da gudawa. Na dubi hannayen Orval, na san abin da Ubangiji yake nufi da mu. Da na gaya masa, dariya ya yi, ya ce, "Ke da ko birnin Winnipeg da ke nan kusa sai an ja ki? Ci abincinki." Ban sake yi masa gardama ba, sai dai nakan ajiye wasiƙun 'yan mishan inda zai gani. Shekara goma sha tara ina wannan addu'a. Shekara biyu da suka wuce, muna karin kumallo, ya ajiye kofinsa ya ce, "Nan kowa ya riga ya sami rijiya. Can fa, har yanzu suna nema?" Daga nan muka shiga koyon Sifaniyanci, harshen can, shi da harshensa mai nauyi. An karɓe mu, dattawan ikilisiya sun ɗora mana hannu, an sa mana ranar tafiya a watan Maris, na shekara huɗu. Har karenmu mun ba maƙwabta.

To, ga ɗaya addu'ar. 'Yarmu ɗaya tak, Joelle, shekararta takwas da aure. Sau uku tana ɓari, kuma duk ukun ni na raka ta asibiti, ni na dawo da ita gida a mota. Ranar bikin godiya, ana shirin yanka talotalo, ta miƙe ta ce tana da ciki, ya wuce lokacin da sauran suka zube, likita ta ce komai lafiya. Haihuwa ƙarshen Afrilu. Orval ya fita waje ya daɗe, ya dawo idanunsa jawur. Kafin in buɗe baki Joelle ta nuna ni da cokali ta ce, "Mama, kar ki kuskura ki fasa tafiya saboda ni. Tun ina firamare nake jin Bolibiya a gidan nan." Kowa ya yi dariya, har da ni.

'Yar'uwa, ba na son tafiya a Maris. Ba wai na daina jin kiran ba ne, yana nan daram. Amma in na tuna fuskarta a cikin motar nan sau uku, sai in ji ba zan iya barin ta ba. Ban gaya wa Orval ba. Da wane baki? Ni na dame shi shekaru, yanzu ya kamu, kullum yana cikin gareji yana ɗaure kayan aiki yana rera waƙar yabo. Kullum ina gode wa Ubangiji da ya ba ni duka biyun. Shin butulci ne in ce masa ɗaya ta jira?

Mai Godiya, daga Manitoba

Mai Godiya, 'yar'uwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ina taya ki murna da zuciya ɗaya. Ki cire maganar butulci daga ranki. Wanda ya kira ki Bolibiya shi ya ba ki Joelle, kuma ya san watan haihuwarta tun kafin ofishin mishan ya sa muku rana. Kira daga gare shi yake, amma ranar Maris mutane ne suka zaɓa, mutane kuma suna iya gyarawa.

Sai dai kada mu raina ɗaya ɓangaren. Akwai ƙauyukan da aka yi wa alkawari, kuma uwayen can suna son 'ya'yansu kamar yadda kike son taki. Mai haƙa rijiya ma yana da lokacinsa, ba a son ya rasa rani. Saboda haka ba zan ce ku watsar da shirin ba.

Kuskurenki ɗaya: kina yi wa mutum biyu fassara ba ki tambaye su ba. Mutumin da ya fita waje ya dawo da jajayen idanu ba dutse ba ne. Maza da yawa in magana ta gagare su gareji suke shiga. Cikin makon nan ki same shi a can, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Joelle kuma a gaban jama'a ta yi magana, da cokali a hannu. Ki ziyarce ta ku biyu kawai, ki tambaye ta abin da take so, sannan ki yi shiru ki saurara.

Bayan haka ku kira ofishin mishan tare. Ba ku ne na farko da jika ya zo musu dab da tafiya ba. In ni ce, zan roƙi Orval ya wuce a Maris ya fara aiki, ni in bi shi a Yuli. Amma ki yanki tikitin Yulin kafin haihuwa, domin ranar da aka ɗora miki jaririn nan a hannu, kowane wata zai zama bai dace ba. Ba zan ɓoye miki ba, jaririn zai fara takawa ba kya nan, kuma abin zai yi miki ciwo. Wannan shi ne kuɗin kiran, gara ki san shi tun yanzu, ki biya shi da son ranki.

Ubangiji ya sauki Joelle lafiya, ya ba Orval ruwa mai daɗi a rijiyarsa ta farko, ke kuma ya ba ki ƙarfin hawa jirgin nan in lokacinki ya yi.

Taki a cikin Almasihu,
Verna